Yaƙin Muye: Safiya ɗaya da ta kifar da daular Shang a ƙasar Sin

A watan Maris na shekarar 1976, wasu manoma da ke haƙa ƙasa a gundumar Lintong ta lardin Shaanxi, a ƙasar Sin, suka faɗa kan wani rami maƙare da kayan tagulla. A cikinsu akwai wata tasa mai hannu biyu, zaune a kan gindi mai kusurwa huɗu, tsayinta santimita 28, nauyinta kusan kilo 8. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne rubutun da ke cikinta, layi huɗu, haruffa 30 da 'yan kai. Rubutun ya nuna cewa Sarki Wu na Zhou ya auka wa daular Shang da safiyar ranar da kalandarsu ke kira jiazi, kuma ya ci ta cikin hanzari. A rana ta takwas sarkin ya yi wa wani jami'insa mai suna Li kyautar tagulla, shi kuwa ya sa aka ƙera masa wannan tasa don girmama kakansa.

Tasar, wadda yanzu ke ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Beijing, shaida ce daga hannun wanda aka yi abin a zamaninsa game da yaƙin Muye, wanda aka gwabza fiye da shekara 3,000 da suka wuce a wani fili kusa da birnin Xinxiang na yau, a lardin Henan. A nan ne daular Shang, wadda ta haura shekara 500 tana mulki, ta faɗi, daular Zhou kuma ta hau, ta yi kusan shekara 800. An yi yaƙe-yaƙe a Sin da suka fi wannan yawan mayaƙa da yawan gawa. Amma daga wannan ne aka samo hujjar da duk wanda ya tumɓuke sarki a ƙasar ya riƙa kafawa, har zuwa faɗuwar daula ta ƙarshe a 1912.

Daular da ke shawara da matattu

Masana sun ƙiyasta cewa an kafa Shang ne wajen shekara ta 1600 kafin Miladiyya, lokacin da, a cewar tsofaffin littattafai, wani basarake mai suna Tang ya kayar da Jie, sarkin ƙarshe na daular Xia. Bayan sauye-sauyen mazauni, fadar ta tare a Yin, kusa da birnin Anyang na yau, wajen shekara ta 1300 kafin Miladiyya.

Mun san mutanen Yin ne ta hanyar ƙasusuwan dubansu. A 1899 wani malami a Beijing mai suna Wang Yirong ya lura cewa akwai rubutu a jikin wasu tsofaffin ƙasusuwa da ake sayarwa a matsayin magani. Da aka bi sawu aka gano daga Anyang ake tono su, kuma a 1928 masana suka fara haƙa wurin bisa tsari. Zuwa yau an tattara gutsattsari wajen 150,000. Jerin sunayen sarakunan da ke jikinsu ya yi daidai, in ban da 'yan wurare, da wanda masanin tarihi Sima Qian ya rubuta kimanin shekara 1,000 bayan nan.

Ga yadda ake duban. Sai a samo allon kafaɗar sa ko ƙoƙon cikin kunkuru, a kankare shi, a huda 'yan ƙananan ramuka a bayansa. Boka ya faɗi abin da ake son sani, sannan ya ɗora wani abu mai tsananin zafi a ramin har ƙashin ya tsage. Sarki da kansa yakan dubi tsagar ya fassara ta, marubuci kuma ya sassaƙa tambayar a jikin ƙashin, wani lokaci har da abin da ya faru daga baya. Za a yi ruwa? Gero zai yi kyau bana? Matar sarki za ta haifi namiji? Wane kaka ne ya yi fushi ya jefi sarki da ciwon haƙori? Ikon sarkin Shang ya dogara ne a kan cewa shi ne ke da hanyar kaiwa ga kakannin gidan sarauta, su kuma su kai kuka gaban Di, abin bautarsu mafi girma.

Daula ce mai dukiya. Wata tukunyar tagulla da aka tono a Anyang a 1939 ta haura kilo 830. A kabarin Fu Hao, matar Sarki Wu Ding wadda takan ja runduna da kanta, da aka buɗe shi a 1976 an samu kayan tagulla sama da 460, da kayan dutsen ado sama da 700, da wuri kusan 7,000, domin a can ma wuri dukiya ne kamar yadda ya kasance a kasuwannin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa.

Sai dai dukiyar na tafe da jini. Kakannin sarki ba dabba kaɗai ake yanka musu ba, har da mutane. Wani masani mai suna Hu Houxuan ya ƙirga sama da mutum 13,000 da rubutun ƙasusuwan ya ambata an yi hadaya da su, kuma masu haƙa sun tono layi-layin ramuka cike da ƙwarangwal marasa kai. Da yawa daga cikin waɗanda aka yanka fursunoni ne daga wata al'umma ta yamma da ake kira Qiang. A riƙe wannan suna, domin zai sake fitowa a filin Muye.

Baran da ya girma a yamma

Shang ba ƙasa ba ce mai iyaka a shace irin ta yau. Birni ne babba da ke tsakiyar garuruwa da ƙabilu masu kai masa caffa. Wanda ke kawo gaisuwa bana yana iya ɗaukar makami baɗi. Zhou na ɗaya daga cikinsu. Manoman gero ne da ke zaune a kwarin kogin Wei, ɗaruruwan kilomita yamma da Anyang, a gindin dutsen Qi. Sun koyi rubutu da ƙirar tagulla da duba irin na Shang. A 1977 an tono ƙasusuwan duba a tsohon mazauninsu, wasu na ɗauke da ambaton hadaya ga sarakunan Shang da suka gabata.

Shugabansu Jili ya yi wa Shang aikin tsare iyakar yamma, ya yi ta cin ƙabilun da ke can har ƙarfinsa ya fara ba fada tsoro. Wani tsohon kundin tarihi da aka rubuta a kan tsagin gora ya ce sarkin Shang ne ya kashe shi. Ɗansa Chang ya gaje shi, aka naɗa shi shugaban yamma, amma shi ma bai tsira ba. Di Xin, sarkin Shang na ƙarshe, ya tsare shi a wani wuri mai suna Youli, an ce har shekara 7, sai da mutanensa suka kai dawakai da mata da kayan alatu aka sake shi.

Chang, wanda tarihi ya sani da Sarki Wen, ya koma gida bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da kai gaisuwa, a gefe guda yana sulhunta maƙwabta, yana jawo masu basira, yana cin ƙananan ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Ya ci Chong, ya mayar da fadarsa Feng, kusa da birnin Xi'an na yau. Da ya ci ƙasar Li, wadda ba ta da nisa sosai da Anyang, wani bafade mai suna Zu Yi ya ruga wurin Di Xin cikin firgici ya gargaɗe shi cewa ƙarshen gidan ya matso. Sarkin ya nuna masa cewa shi sarautarsa daga sama take, babu mai iya taɓa ta. Cikin waɗanda Wen ya jawo akwai wani dattijo, Jiang Ziya, wanda labari ya ce ya same shi ne yana kamun kifi a bakin kogin Wei. Masana da dama na ganin zuriyar Jiang tana da dangantaka da Qiang. Wen ya mutu bai kai ga Shang ba, ya bar wa ɗansa Fa, wato Sarki Wu, aikin da ya kusa nuna.

Di Xin: azzalumi ko wanda aka kayar?

Sima Qian ya siffanta Di Xin a matsayin mutum mai kaifin basira da iya magana, mai ƙarfin da zai iya kokawa da namun daji da hannu, amma yana amfani da fasaharsa wajen toshe bakin masu ba shi shawara. Daga nan sai jerin laifuka: ya haƙa tafki ya cika da giya, ya rataye nama a bishiyoyi, ya zama sai abin da ƙwarƙwararsa Daji ta ce. An ce yakan sa a shafe sandar tagulla da mai, a gitta ta bisa garwashi, a tilasta wa mai laifi ya bi ta kai har ya zame ya faɗa wuta. Baffansa Bi Gan ya yi masa nasiha, ya sa aka farke ƙirjinsa aka ciro zuciyarsa. Wani dattijon gidan, Jizi, ya yi haukan ƙarya don ya tsira, aka ɗaure shi. Yayansa Weizi kuwa ya bar fadar.

Tun da daɗewa ake kokwanton wannan jeri. Zigong, almajirin malamin nan Kongzi da duniya ta fi sani da Konfushiyas, ya nuna cewa muguntar Di Xin ba ta kai yadda ake faɗi ba, illa dai wanda ya faɗi ƙasa kowane datti a kansa ake zubawa. A 1924 masanin tarihi Gu Jiegang ya bi diddigin laifuka kusan 70 da aka jingina masa, ya nuna cewa littattafan farko 'yan kaɗan suka ambata, sauran kuma ƙarni bayan ƙarni aka yi ta ƙarawa.

Tuhumar da ke cikin jawabin da aka danganta wa Sarki Wu a filin daga ta fi waɗannan labarai amfani ga mai son gane abin da ya faru. Abu huɗu ne: yana jin maganar mace, ya yi sakaci da hadayar kakanni, ya yi watsi da 'yan uwansa na jini, ya kuma ɗauko 'yan gudun hijira daga wasu ƙasashe ya ba su muƙamai. Idan aka cire zagin, abin da ya rage shi ne sarki da ya ture dangin sarauta da manyan fada gefe, ya kewaye kansa da mutanen da ba su da kowa sai shi. Waɗanda aka ture kuwa su ne suka san sirrin gida. An ruwaito cewa wasu manyan makaɗan fada sun kwashi kayan ibada suka gudu zuwa Zhou. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma batun gabas. Rubutun ƙasusuwa da na tagulla sun nuna cewa a ƙarshen zamanin Shang an yi dogayen yaƙe-yaƙe da mutanen Renfang, can wajen gabas, inda sarki ke barin gida wata da watanni. Wani tsohon littafin tarihi, Zuozhuan, ya danganta halakar Di Xin da wannan nasara da ya samu a kan mutanen gabas. Ya zuba ƙarfinsa a can, ya bar bayansa a buɗe.

Daga Mengjin zuwa Muye

Sarki Wu bai yi gaggawa ba. Da farko ya ja runduna zuwa Mengjin, wani mashigi a Rawayen Kogi, ɗauke da allon katako mai sunan mahaifinsa a cikin keken doki, don a san aikin uba ya zo ƙarasawa. Sima Qian ya ce sarakuna 800 ne suka hallara, suna ta zuga shi a wuce. Ya ce lokaci bai yi ba, ya juya gida. Ya dai ga abin da ya zo gani: su wa za su amsa kira idan ranar ta zo.

Bayan shekara 2, da labarin kisan Bi Gan da ɗaurin Jizi ya iso, ya sake fitowa, wannan karon da kekunan doki na yaƙi 300, da zaratan dakarun fada 3,000, da sojojin ƙasa 45,000. Al'ummomi takwas na yamma da kudu maso yamma suka mara masa baya: Yong, Shu, Qiang, Mao, Wei, Lu, Peng da Pu. Qiang ɗin nan da aka daɗe ana yanka 'ya'yansu a Anyang, ga su sun zo da makamai. Aka ƙetare kogi a Mengjin cikin sanyin hunturu, aka yi kwana 6 ana tafiya, an ce har da ruwan sama da ambaliya a hanya, aka sauka a Muye, kudu da Zhaoge inda Di Xin ke zaune.

Da asubar ranar jiazi Sarki Wu ya tsaya gaban runduna, gatari mai ruwan zinariya a hannun hagu, farar tuta ta gashin wutsiya a dama. Umarnin da ya bayar ya nuna irin yaƙin wancan zamani. Kada a wuce taku shida ko bakwai ba a tsaya an daidaita sahu ba. Kada a wuce 'yan sara kaɗan ba a sake tsayawa an gyara layi ba. Wanda ya gudo daga ɓangaren Shang kada a taɓa shi, domin zai yi amfani a yamma. Wanda ya yi sanyin jiki kuwa, ransa ne a bakinsa. Rundunar da aka harhaɗa daga ƙabilu masu harsuna dabam-dabam ba ta da abin tsoro kamar wargajewar sahu, shi ya sa aka ɗaure ta da wannan ƙa'ida.

Makamin sojan ƙasa shi ne wata wuƙar tagulla da ake ɗaurawa a gicciye a kan doguwar ƙota, a sari abokin gaba ko a ƙugiyo shi, sai kuma mashi da kwari da baka. Keken dokin mai ƙafa biyu ne, yana ɗaukar mutum uku: matuƙi a tsakiya, maharbi a gefe guda, mai sara a ɗaya gefen. A fili shimfiɗaɗɗe irin na Muye, kekuna ɗaruruwa da suka taho a guje sun isa su tarwatsa sahun da zuciyarsa ba ta wurin.

Sima Qian ya ce Di Xin ya fito da mutum 700,000. Masana na zamani ba su yarda da wannan adadi ba, domin ya wuce abin da birnin Shang zai iya tarawa ya ciyar. Da yawansu na ganin cewa an cike sahu ne da bayi da fursunonin yaƙi da aka danƙa wa makamai cikin gaggawa. Jiang Ziya ya fara kutsawa da zaɓaɓɓun mutum 100, sannan kekuna suka biyo baya. Nan take sahun gaba na Shang ya juya makamansa a kan na bayansa, ya buɗe wa Zhou hanya. Da ɗan gari akan ci gari.

Di Xin ya gudu Zhaoge, ya hau wani dogon gini nasa da ake kira Lutai, ya lulluɓe jikinsa da kayan dutsen ado, ya faɗa wuta. Da Sarki Wu ya iso, ya harbi gawar da kibiya uku, ya sare kan da gatarin nan, ya rataye shi a jikin farar tuta. Daji ma ba ta kwana da rai ba.

Jinin da aka so a goge

Labarin da malaman baya suka fi so shi ne na sarki adali da talakawa suka yi wa maraba. An ce ya saki Jizi, ya gyara kabarin Bi Gan, ya raba dukiyar Lutai da hatsin rumbunan Juqiao ga mabuƙata. Amma wani babi na Shangshu, kundin tsofaffin takardun mulki, ya ambaci jini mai yawan da har ya kwashi taɓarya. Malam Mengzi, wanda ya rayu kimanin shekara 700 bayan yaƙin, ya ƙi amincewa da wannan, bisa hujjar cewa ba zai yiwu mafi adalcin mutane ya yaƙi mafi zalunci a zubar da jini haka ba.

Akwai wani rubutu mai suna Shi fu da malaman baya suka yi watsi da shi saboda munin abin da ke ciki, amma masana na zamani, ciki har da Edward Shaughnessy na Jami'ar Chicago, suka nuna cewa harshensa da kwanakinsa sun dace da farkon zamanin Zhou. Shi ya ce bayan Muye an tura kwamandoji ko'ina, an rushe ƙasashe 99, wasu 652 suka miƙa wuya, an kashe sama da mutum 170,000, an kama sama da 300,000. Ko da an zuzuta alƙaluman, saƙon a fili yake. Ya kuma ambaci cewa Sarki Wu ya kai manyan Shang da aka kama ɗakin ibadar kakanninsa aka yi hadaya da su, wato irin abin da Shang ke yi wa wasu.

Shekarar yaƙin ma an daɗe ana jayayya a kanta. Lissafin gargajiya ya ce 1122 kafin Miladiyya, wasu suka ce 1027, har aka tara shekaru sama da 40 da masana dabam-dabam suka kawo. Wani babban aikin bincike da gwamnatin Sin ta ɗauki nauyi daga 1996 zuwa 2000, wanda ya haɗa masana wajen 200, ya auna tsufan abubuwan da aka tono, ya dubi lissafin taurari da rubutun tasar Li, ya tsayar da 20 ga Janairun 1046 kafin Miladiyya. Wasu masana na ƙetare sun soki hanyar da aka bi, wasu kuma sun fi karkata ga 1045.

Cin gari dabam, riƙe shi dabam

Zhou ƙaramar al'umma ce da ta haɗiye wadda ta fi ta yawa da wayewa. Sarki Wu ya san haka, don haka ya bar Wu Geng, ɗan Di Xin, a kan mutanen Shang don ya ci gaba da hadayar kakanninsa, ya kuma ajiye 'yan uwansa uku, Guanshu da Caishu da Huoshu, su sa masa ido. Shekara 2 ko 3 bayan nasara Sarki Wu ya mutu, ya bar ƙaramin yaro, Sarki Cheng. Ƙanen Sarki Wu, Dan, wanda ake kira Zhougong, ya zama mai riƙon ƙwarya. 'Yan uwan nan uku suka zarge shi da shirin ƙwace sarauta, suka haɗa kai da Wu Geng ɗin da aka sa su tsaro, da mutanen gabas, suka yi tawaye.

Abin da aka ci a safiya ɗaya sai da Zhougong ya yi shekara 3 yana yaƙi kafin ya sake cin sa. An kashe Wu Geng da Guanshu, aka kori Caishu. Daga nan aka sake lale. Aka gina sabon birni, Chengzhou, a inda Luoyang yake yau, aka kwaso manyan Shang aka zaunar da su a can ƙarƙashin ido. Aka rarraba ƙasa ga dangi da amintattu: gidan Jiang Ziya a Qi, ɗan Zhougong a Lu, Kangshu ƙanen Zhougong a Wei, wato tsohuwar cibiyar Shang, biyun ƙarshen nan kowanne da rabonsa na iyalan Shang masu sana'a. Weizi, yayan Di Xin da ya bar fada tun kafin yaƙi, aka ba shi ƙasar Song. Song ta rayu har zuwa shekara ta 286 kafin Miladiyya, kuma daga manyan gidajenta kakannin Kongzi suka fito.

Hatta a dokar giya an ga wannan dabara. A umarnin da aka ba Kangshu, an ce mutanen Zhou da aka kama sun taru suna shaye-shaye a turo su fada a kashe, amma jami'ai da masu sana'a na Shang da suka saba da giya kada a kashe su, a fara da koya musu. Wata babbar tukunyar tagulla ta zamanin jikan Sarki Wu, Da Yu ding, tana ɗauke da rubutun da ke cewa giya ce ta sa Shang ta rasa mulkinta.

Takobi mai kaifi biyu

Saura tambayar da makami ba ya amsawa: da wane haƙƙi bara ya kashe ubangidansa? Ba kowa ya gamsu ba. An ba da labarin wasu 'yan uwa biyu, Boyi da Shuqi, da suka tare dokin Sarki Wu suka ce abin da zai yi cin amana ne. Bayan nasara suka ƙi cin hatsin Zhou, suka hau dutsen Shouyang har yunwa ta kashe su.

Amsar da Zhougong ya bayar ita ce abin da ake kira Amanar Sama. A akidar Zhou, Sama ce iko mafi girma, kuma ita ke ba wani gida amanar mulki, ba don jininsa ba, sai don halinsa. Idan gidan ya lalace ya bar talakawa cikin kuka, sai ta karɓe ta ba wani. Ya tuna wa manyan Shang cewa kakansu Tang ma haka ya karɓi mulki daga Xia, don haka ba su da bakin ƙorafi. Sannan ya juya ga nasa mutanen ya gargaɗe su cewa amanar ba ta da tabbas, abin da ya ci Shang zai iya cin su.

Wannan hujja ta wanke Zhou, amma ta zama ƙaya a maƙogwaron duk wanda ya hau gado bayansu. Da Sarki Xuan na Qi ya tambayi Mengzi ko ya halatta bara ya kashe sarkinsa, malamin ya nuna masa cewa wanda ya tattake adalci ya riga ya tuɓe kansa, don haka wanda aka kashe a Zhaoge ba sarki ba ne. A zamanin daular Han, malamai biyu suka yi muhawara gaban Sarki Jing. Huang ya dage cewa Tang da Wu masu kisan sarki ne kawai. Yuan Gu ya tambaye shi: to ke nan wanda ya kafa Han ma ya yi laifi da ya maye gurbin daular Qin? Sarkin ya ga duk inda aka karkata akwai hatsari gare shi, idan an yarda da Huang gidansa ɓarawo ne, idan an yarda da Yuan kuma wani na iya tasowa gobe, sai ya kashe maganar. Fiye da shekara 1,500 bayan haka, Zhu Yuanzhang, wanda ya kafa daular Ming bayan ya kori Mongol da takobi, ya sa aka cire sassa da dama daga littafin Mengzi saboda irin waɗannan kalamai.

Zhou kanta ba ta kuɓuta ba. A shekara ta 771 kafin Miladiyya mayaƙan Quanrong, tare da wani basarake surukin gidan sarauta, suka ci fadar yamma suka kashe Sarki You, kuma marubuta suka sake ɗora laifin a kan mace, Bao Si, kamar yadda aka ɗora wa Daji. Gidan ya koma Luoyang, ya ci gaba da sarautar suna har Qin ta share shi a shekara ta 256 kafin Miladiyya.

A yau yawancin Sinawa sun san yaƙin ne ta littafin almara na Fengshen Yanyi, na ƙarni na 16, inda aljanu da mayu ke fafatawa, Daji kuma ta zama aljanar dila. An mayar da shi babban fim a 2023. Kufan Yin kuwa hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Amma idan aka ajiye almara gefe, hukuncin tarihi bai da wuyar karantawa. Di Xin bai faɗi don ƙarancin sojoji ba. Ya faɗi ne don ranar da ya buƙaci mutane, danginsa sun watse, manyan fadarsa sun sauya sheƙa, waɗanda ya miƙa wa makamai kuma ba su da dalilin mutuwa dominsa. Zhou ma ba Muye ce ta ba ta shekara 800 ba. Abin da ya ba ta shi ne ta bar wa waɗanda ta kayar wurin zama da abin yi, ta kuma yarda a bainar jama'a cewa mulki aro ne, mai shi na iya karɓar kayansa.